Kafin ka ce "dabarata ce ta gyara yaron nan"

Mu malaman firamare muna da saurin cewa dabararmu ta yi aiki. Yaro ya daina rigima, sai ka ji malami na bugun ƙirji a gindin darbejiya lokacin tara, wai shi ya gano lagonsa. Alhali ƙila babansa ne ya dawo daga cirani ya ja masa kunne, ko an gama girbi ya fara samun barci, ko kuma kawai zazzaɓi ke damunsa bai da ƙarfin tashi. Karatun da na koma yi na ilimin yara masu buƙata ta musamman shi ya cire min wannan saurin, musamman kwas ɗin bincike a kan mutum ɗaya, wanda masu nazarin ɗabi'a ke ji da shi.

Abin da ya fara burge ni shi ne ba ka buƙatar yara ɗari biyu da takardun tambayoyi. Yaro ɗaya ya isa, shi za ka gwada da kansa, jiyansa da yaunsa, amma fa sai ka auna shi kullum kana ɗiga sakamakon a giraf, wato zanen layin da ke nuna hawa da saukar ɗabi'ar. Asalin abin daga B.F. Skinner ne a Amurka, wanda tun shekarun 1930 yake zama da ɓera ɗaya yana ƙirga sau nawa ya danna ƙarfe, daga baya a 1968 wasu malaman Jami'ar Kansas, Baer da Wolf da Risley, suka shimfiɗa yadda za a yi shi a kan mutane. Sharaɗinsu mai sauƙin faɗa ne, wai ba za a yarda kai ka kawo canjin ba sai ka nuna kana iya kunna ɗabi'ar ka kashe ta. Kamar makunnin ƙwan lantarki ne, in ka danna sau ɗaya ya kama ai ƙila daidai lokacin aka kawo wuta, amma in ka kashe ya mutu ka sake kunnawa ya kama, toh ba mai musu da kai.

Ni a wani ƙauye nake koyarwa tsakanin Gumel da Maigatari, aji uku, kuma yaron da na zaɓa (ba zan faɗi sunansa ba) matsalarsa tashi, ba ya iya zama, yanzu yana taga yanzu yana wurin randa yanzu ya tsallaka kan 'yan'uwansa. Aikin farko shi ne zangon A, wato ka zura ido kawai, kana ƙirgawa ba ka canja komai ba. Nan na fara sanin cewa rubuta ma'anar ɗabi'a aiki ne, domin littattafan da muke karantawa sun ɗauka kowane yaro yana da kujera, ni kuwa rabin ajina a tabarma suke. In yaro ya durƙusa a kan gwiwa don ya hango allo ya tashi ne ko bai tashi ba? In ya ja gindi ya matsa taku biyu fa? Sai da muka zauna da wata ɗaliba da aka turo mana koyon aikin koyarwa muka tsayar: tashi shi ne ƙafa biyu a ƙasa jiki a miƙe, ko barin tabarmarsa gaba ɗaya, ba tare da izini ba. Ni ina gaba da tsakuwoyi a aljihun dama, duk tashi ɗaya in mayar da tsakuwa ɗaya aljihun hagu, ita tana baya tana jan layi a takarda, ba ma kallon juna, sai an tashi mu haɗa lissafi. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce ku yi daidai aƙalla kashi 80 cikin 100, kuma a yi wannan ƙirga ta mutum biyu a kashi 20 cikin 100 na zaman kowane zango. Farko kam ba mu kai ba, ita ta fi ni gani tunda ni ina juya baya ina rubutu a allo.

Wahalar zangon A ba ƙirgar ba ce, haƙurin ne. Ana so ka samu ɗigo aƙalla 3, an fi son 5, kuma layin ya lafa ya nuna inda ya dosa kafin ka taɓa komai. In layin da kansa yana gangarowa to dakata, domin ko ka sa dabara ba za ka iya cewa ita ce ba, da ma yaron ya kama hanya. Hedimasta ya leƙo ya ce min "Malam, yaro na ta yawo kai kana wasa da tsakuwa?" na ce ranka ya daɗe a ba ni ɗan lokaci. Sannan ga kalandar ƙauye wadda ba ruwanta da bincikenka. Alhamis kasuwar Maigatari, samarin aji sun bi iyayensu kara, aji ya zama fili, yaron nan ba wanda zai tsokana sai ɗigon ya faɗi ƙasa kamar an yi masa magani. Zangon karatu na farko kuma kan girbi yake faɗawa, gero, riɗi, sai tsinkar zoɓo, yau yaro ya zo gobe yana gona. Duk wannan sai na riƙa rubutawa a ƙarƙashin giraf ɗin da fensir, ranar kasuwa, ranar da ba a kawo abinci ba, ranar da ya zo da mura, kuma wallahi wannan rubutun na gefe ya koya min halin yaron fiye da ɗigon kansa.

Dabarar da na sa a zangon B ba wata sabuwa ba ce: in yana zaune yana aiki in je kusa da shi in yaba masa da sunansa, in ya tashi kuma kar in kula shi, ba tsawa ba harara. Maƙalar farko da ta fito a mujallar masu wannan fanni a 1968 ma a kan haka take, yadda kulawar malami ke ƙara wa yaro zama kan karatu. Kwanakin farko abin ya ma ƙaru, wanda da ma an gargaɗe mu, in ka janye abin da yaro ya saba samu sai ya ƙara ƙaimi tukuna kafin ya saki. Bayan nan layin ya sauko sosai.

Nan ne fa inda ake rabuwa. Zuciya ta ce shikenan an gama, amma A da B kaɗai ba hujja ba ce, labari ne kawai. Dole in janye dabarar in koma yadda nake da, in ga ko tashin zai dawo, sannan in sake mayar da ita, shi ne ABAB. Zangon A na farko ya ba ka hasashe, janyewa ta tabbatar da hasashen, mayarwa ta maimaita sakamakon, sau uku ke nan a lokuta daban-daban layin ya bi hannunka, kuma da wuya a ce kasuwa ko girbi su yi ta faɗowa daidai ranar da kake canjawa har sau uku. Na janye, tsakuwa ta sake cika aljihun hagu, na mayar ta ragu. Gaskiya ban ji daɗin janyewar ba, kana kallon yaro yana neman yabon da ka saba masa kana basarwa, shi ya sa a ganina a gajarta wannan zangon iya yadda ƙa'ida ta yarda. Kuma akwai inda sam bai halatta ba, yaron da ke buga kansa a bango ba za ka janye masa magani don ka ƙawata giraf ba, haka wanda ka koya wa haɗa baƙi da wasali ba yadda za ka ce ya manta.

Irin wannan wurin sai a koma tsarin matakala. Ka ɗauki yara uku ka fara ƙirga su rana ɗaya, ka sa wa na farko dabara sauran na jira, in nasa ya canja nasu bai motsa ba sai ka sa wa na biyu, daga baya na uku. Masu jiran nan su ne shaidarka, domin in girbi ne ya kawo canjin ai duka ukun za su canja tare. Na gwada shi a kan kammala aikin lissafi a aji. Na farko ya hau lokacin da na sa masa, na biyu ma haka, amma ta ukun tun kafin layi ya zo kanta ta fara hawa, ashe tabarmarsu ɗaya da na biyun, tana jin ana yaba masa ita ma ta dage. A matsayina na malami na ji daɗi, a matsayin bincike kuwa shaida biyu gare ni ba uku ba. Na kai wa malamin da ke duba aikina, ya daɗe yana kallon takardar sannan ya ce "Malam, rubuta shi yadda ya faru, kar ka gyara ɗigo ko ɗaya, ka faɗi cewa zama kusa ne kake zargi."

Haka na rubuta, na kuma ƙara cewa abin da na gani a kan waɗannan yaran ne kawai, ban ce zai yi wa kowane yaro a Jigawa ba sai wani ya maimaita a nasa ajin. Zangon karatu mai zuwa zan sake, amma yara uku daga azuzuwa uku daban-daban, kuma sai bayan an gama tsinkar zoɓo.