Godiya ga duk wanda ya tsaya mini, musamman nas ɗin da ta auna ƙafata

Assalamu alaikum 'yan uwa da abokan arziki. Alhamdulillahi, an yi aiki lafiya, an sallame ni, yau kwanana tara a gida. Saƙonninku sun taru a waya har sun fi ƙarfina, shi ya sa na ce bari in haɗa godiyar wuri ɗaya, in kuma amsa tambayar da kowa ke yi mini: wai me ya same ki ne?

Kusan shekara uku ina fama da ciwon da aka rasa sunansa. Hannun hagu ya riƙa mutuwa da na ɗaga shi. Ko gashi nake tajewa sai na sauke hannun na huta kamar wadda ta yi dako. Ga jiri, ga zazzaɓin yamma, ga rama. Duk inda aka auna jinina a wannan hannun sai a ce ya yi ƙasa, in je in huta. Wasu suka ce damuwa ce kawai. Na yi shiru, don ni ma bayanin ya gundure ni.

Godiyata ta farko, bayan Allah, ga wata nas ce da ko sunanta ban riƙe ba. Daren da ciwon ƙirji ya kai ni asibiti, ta kama wuyan hannuna na hagu tana laluben bugun jini. Ta matsa nan, ta matsa can, shiru. Ta koma hannun dama, sannan ta ce, "Yi haƙuri 'yar uwa, bari in gwada ƙafa." Da ta ɗaura na'urar awon jini, hannun hagu ya nuna 90, ƙafa ta haura 170. Ashe hawan jini ne da ni, hannun ne ke yi wa na'ura ƙarya saboda jijiyar da ke kai masa jini ta tsuke. 'Yar uwa, in saƙon nan ya iso gare ki, Allah ya saka miki da mafificin alheri.

Sunan ciwon Takayasu. An samo shi daga wani likitan ido ɗan Japan, Mikito Takayasu, wanda ya ba da rahoto a 1908 kan wani baƙon sauyi da ya gani a jijiyoyin idon wata matashiya. Garkuwar jiki ce ke juyowa ta far wa bangon babbar jijiyar da ke fitowa daga zuciya, da manyan rassanta masu zuwa hannu da wuya da ƙoda. Bangon ya kumbura ya yi kauri, hanyar jini ta ƙuntata. Ya fi kama mata 'yan ƙasa da shekara 40. Yana da ɗan uwa mai kama waɗanda suka haura 50, shi kuma ya fi son jijiyar gefen goshi, har yana iya makantar da mutum in aka yi sakaci.

Da aka ɗora ni a kan prednisolone da methotrexate, magungunan da ke danne kumburi da garkuwar jiki, awon kumburi a jinina ya sauka, na ɗauka an gama. Nan ne zan gode wa likitan zuciya, da bai bar ni cikin wannan farin cikin na banza ba. Ya juyo mini da kwamfuta, ya nuna mini hoton cikin ƙirjina da na'urar CT ta ɗauka. Wani farin zobe ne ya kewaye babbar jijiyar, fari fat kamar ƙashi, ga ɗigo-ɗigonsa a bakin jijiyoyin da ke ciyar da ita zuciyar kanta. Ya ce, "Malama, wannan kalsiyam ne. Duk inda kumburi ya daɗe yana cin bango, shi yake bari a baya." Kalsiyam shi ne sinadarin da ke ƙarfafa ƙashi. Taruwarsa a jijiya irin abin da aka fi gani ke nan a jikin tsofaffi, ni kuwa shekarata 34.

Ya ce ana ba wannan farin maki: sifili na nufin ba a ga komai ba, in ya haura 400 kuma ya yi yawa ƙwarai. Nawa ya wuce 100. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wanda ya riga ya daskare ba ya narkewa. Jijiya ta yi tauri, zuciya ta riƙa turawa da ƙarfi, haɗarin ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki ya ƙaru ko da ciwon ya kwanta. Shi kansa prednisolone da ya kashe wutar yana iya ɗaga suga da hawan jini da ƙiba. Don haka aka ƙara mini maganin rage kitsen jini, da aspirin, da na hawan jini. Ba a saka mini ɗan bututun da ya buɗe jijiyar zuciyata ba sai da kumburin ya lafa, domin wadda aka taɓa tana cikin kumburi ta fi saurin sake toshewa.

Wata wauta da na yi, in faɗa don ku yi dariya: da na ji kalmar kalsiyam, sai na daina shan ƙwayar kalsiyam da aka ba ni. Mai ba da magani ce ta gano da ta ga kwalbar a cike. Ta zaunar da ni ta ce an ba ni ita ne don prednisolone na cinye ƙashi, kada in sake ajiye magani ban tambayi likita ba. Na gode, kin yi mini faɗan da ya dace.

Umma, kin kwana a kujera da ciwon gwiwarki, ba ni da bakin gode miki. Maigida, kai ka riƙe littafin awon jinina, safe da yamma, ka koyi ɗaura abin awo a ƙafa har ka fi ni iyawa. Yaya, ke kika riƙe mini yara ba tare da an roƙe ki ba. Abokan aiki da suka raba aikina a tsakaninsu, da waɗanda ban taɓa gani ba amma suka sa ni a addu'a, Allah ya bar zumunci.

Wanda ya kira ban ɗauka ba ya yi mini afuwa, har yanzu hannun hagu ba ya jure riƙe waya. Zan koma ganin likita nan da mako uku. Ku sa baiwar Allahn da na bari a gadon kusa da nawa cikin addu'a, ita tana can tana jiran nata aikin.