Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Shigata ɗakin hoto

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da wannan mako. Wancan satin na tsaya ne a inda sunana ya fito cikin waɗanda aka ɗauka karatun hoton asibiti, wato eksire, a kwalejin Hostos da ke Bronx, a 2017 kenan, bayan na gama darussan share fage irin su anatomi da lissafi ina haɗawa da aikin kula da tsofaffi a gida.

Wata ƙanwata ta tambaye ni wai wace irin makaranta ce. Kwalejin shekara biyu ce ƙarƙashin CUNY, jami'ar birnin New York, an kafa ta tun 1968, tana kan titin Grand Concourse daidai layi na 149, jirgin ƙasa mai lamba 2 da 4 da 5 duk suna tsayawa a wurin. Lokacinmu kuɗin semesta ga mazaunin gari dala 2,400 ne, ni kuma da na cike fom ɗin neman tallafin karatu na gwamnati, wato FAFSA, tallafin da ake kira Pell ya ɗauke mini kaso mai yawa. A ajinmu akwai direban tasi, akwai uwa mai 'ya'ya huɗu, akwai wani dattijo da furfura ta cika masa gemu, kusan kowa daga wajen aiki yake tahowa ko kuma daga aji ya wuce wajen aiki.

Da na kira gida na yi albishir Umma shiru ta yi, can ta ce "to ke Hadiza da kika je har Amurka ba nas za ki zama ba, ba likita ba, sai mai ɗaukar hoto?" Ban ga laifinta ba wallahi, mu a wajenmu asibiti likita ne da nas, alhali mai gwajin jini da mai gashin ƙashi da mai hoton nan in babu su likitan ma lalube zai yi ta yi. Amma ashe ba wannan ne ya fi damunta ba, washegari ta sake kira ta ce Goggo ta faɗa mata hasken na'urar yana hana haihuwa, kuma ni lokacin ɗa ɗaya gare ni. Abban Hanif ma da yake ta ƙarfafa min gwiwa sai da jikinsa ya yi sanyi.

Sai da na zaunar da su na yi bayani yadda aka koya mana. Hasken yana da illa in ya yi yawa, babu mai musu, shi ya sa kowannenmu yake maƙale da wani ɗan baji a wuyan riga mai auna duk hasken da ya taɓa jikinka, ana karɓa a duba lokaci lokaci. Dokar Amurka ta ce ma'aikaci kar ya wuce milisibat 50 a shekara, wato ma'aunin hasken da jiki ya sha, mai juna biyu in ta sanar sai a ƙara mata baji na biyu a ciki, ita kar ta wuce 5 har ta haihu. Hoton ƙirji guda kuwa kusan 0.1 ne ga shi majinyacin, ni ina bayan bango mai dalma nake danna maɓalli. Umma ta ce Allah ya tsare, ta sa min albarka, amma na san ranar ba ta gama yarda ba.

Karatun kam ba wasa, ƙasusuwa 206 na jikin babba sai ka san sunan kowanne da yadda za ka juya mutum ya fito, ga fiziks, muna gwaji da gunkin roba mai ƙashi a ciki, mu kuma jera juna a kan teburi ba tare da an kunna haske ba. Bayan watanni aka raba mu asibitoci koyon aiki, ɗalibi ba ya ɗaukar hoto sai da ma'aikaci mai lasisi a kansa.

Akwai wata safiya da aka kawo wata tsohuwa hoton ƙirji, tari ya dame ta, jikanta ya rako ta amma aka ce ya jira a waje. Ta riƙe hijabinta gam da hannu biyu, matar da nake ƙarƙashinta tana ta nuna mata rigar asibiti ita kuma tana girgiza kai, har an fara maganar kiran tafinta ta waya sai na ji ta ce ƙasa ƙasa "wayyo ni Allah, ina zan sa kaina." Na nemi izini na matsa kusa na ce "sannu Inna, ya jikin?" Ta kama hannuna ta ce "'yar nan Bahaushiya ce ke?" Mutuniyar Damagaram ce, wajen ɗanta ta zo. Na ce mata babu namiji a ɗakin, kallabinta ma ba sai ta cire ba, sarƙa ce kawai da duk abin da yake da ƙarfe, sai ta ciro wata laya da ke rataye a wuyanta cikin riga ta damƙa min ta ce in riƙe mata amana. Na tsayar da ita ƙirjinta a jikin allon, na ɗaga haɓarta, na ɗora bayan hannuwanta a kan kwankwaso na turo kafaɗun gaba don kar ƙashin kafaɗa ya rufe huhu, na'urar tana nesa da inci 72 kamar yadda ƙa'ida take, na manna alamar da ke nuna ɓangaren hagu a hoton, sannan na koma bayan bango na ɗaga murya da Hausa "Inna ja numfashi sosai, riƙe, kar ki motsa." Hoton ya fito tas a karon farko, haƙarƙari goma ana ƙirgawa, alamar ta ja numfashi yadda ake so, ba a sake haska ta ba.

Abin da nake so masu cewa danna maɓalli ne kawai su gane kenan, dannawar ba ta kai daƙiƙa ɗaya ba, aikin yana wajen lallaɓa mutumin da yake cikin ciwo da tsoro ya tsaya yadda ya kamata, domin duk hoton da ya lalace majinyaci ne zai sake shan haske.

Tsohuwar da za ta fita ta tambaye ni wai me na gani a huhun, na ce Inna ba hurumina ba ne, likitan hoto ne zai karanta ya aika wa likitanki, wannan ma doka ce a kanmu ko da idonka ya ga wani abu.

Sati mai zuwa in Allah ya kai mu zan ba ku labarin yadda azumi ya same ni a tsakiyar jarabawa, ga Hanif ba lafiya, da yadda na fara shirin jarabawar ARRT, hukumar da ke tantance masu ɗaukar hoton asibiti a Amurka, wadda sai ka ci maki 75 kafin ka nemi lasisin jihar New York.