Kalma guda a takardar wani

A shekarata ta farko a wani ofis da ke Garki, Abuja, aka ɗora min rubuta rahoton ƙarshen shekara na ƙananan ma'aikatan sashenmu. Cikinsu akwai wani dattijon masinja da ke tasowa daga Nyanya bayan sallar asuba. Kafin kowa ya iso ya riga ya raba fayiloli, ya buɗe tagogi. Na so in yaba masa, sai na rubuta "he hardly works". A tunanina tunda "hard" na nufin tuƙuru, ƙara mata "ly" ƙarfi zai ƙara mata.

Shugabar sashen ta kira ni, ta ɗora yatsa a kan layin, ta ce, "Malam, ka san cewa ka yi bawan Allahn nan ba ya taɓuka komai?"

Na ce, "Ranki ya daɗe, ai yabo na yi."

Ta miƙo min jan biro. Ashe "hardly" na nufin da ƙyar, kusan babu. Gabana ya faɗi, don wannan takarda ake dubawa idan maganar ƙarin girma ta taso, shi kuwa ba ya karanta Turanci balle ya kare kansa.

Daga ranar na sayi ƙaramin littafi ina tara kalmomin hali. Da yawansu biyu-biyu suke tafiya, abu ɗaya suke nunawa amma hukunci daban suke yankewa. "Thrifty" mai tattali ne, "stingy" marowaci. "Firm" mai tsayawa kan magana ne, "stubborn" mai taurin kai. Mu ma mun san wannan, ba ma haɗa ƙwazo da rawar kai.

Wadda ta fi ci min tuwo a ƙwarya ita ce kunya. A gidajenmu idan aka ce yarinya tana da kunya, an gama yabonta. Na fassara ta da "shy" a rahoton wata sakatariya, shugabar ta sake tsayar da ni. Ta ce mai karanta wannan zai ɗauka yarinyar ba ta iya buɗe baki a taro, alhali ita ce ke fuskantar 'yan kwangila ba ko gezau. Abin da nake nufi shi ne ladabi da sanin ya kamata, don haka muka sa "courteous".

Akwai kuma "severally", da muke cewa a Najeriya da nufin sau da yawa. A takardar lauya kuwa kowa da nasa take nufi, wato duk wanda ake bi bashi za a iya kama shi shi kaɗai. A watan Janairun 2020 ƙamus ɗin Oxford ya shigar da ma'anarmu, tare da kalmomi irin su Kannywood da okada. Na ji daɗin hakan ƙwarai, amma a yarjejeniya har yau ma'anar lauyoyi nake bi.

Kawaici ne har yanzu ban samo masa takwara ba. Da dattijon nan zai yi ritaya aka ce in rubuta masa takardar shaida. Na daɗe ina juya biro, daga ƙarshe na rubuta jimla guda cikakkiya: ana ɓata masa rai ya gani sarai, ya ɗauke kai, ya ci gaba da aikinsa. Na karanta masa da Hausa kafin a buga hatimi.