Katin memori na jabu da abin da kunnena ya riƙe

Duk abin da na tara tun da na fara koyon jitar jaz yana cikin katin memori ɗaya a wayata: darussan bidiyo da na sauke cikin dare lokacin da data take araha, zanen da ke nuna tsirkiyar da za a danna da inda za a ɗora yatsa, da kuma sautin atisayena da nake ɗauka domin in ji ko hannuna yana gyaruwa. A jikin katin an rubuta giga 64, wayar ma haka take nunawa, amma ashe abin da yake iya ɗauka bai kai ko kusa ba. Irin wannan kati ba ya cewa ya cika. Sai ya ci gaba da karɓar sabo yana taka tsoho, sunayen fayiloli suna nan ras, ka taɓa su ƙi buɗewa. Har yau raina yana ɓaci idan na tuna yadda mai shagon ya rantse mini cewa na asali ne.

Da na ɗauki jitar bayan wannan asara, abin da na tarar ya fi asarar girgiza ni. Kaɗe-kaɗen da na koya ina kallon zane a fuskar waya sun bi katin sun tafi, yatsuna suka tsaya cak a tsakiya, ban san inda zan dosa ba. Guda ɗaya ne ya tsira, wani ɗan gajeren kiɗa na Charlie Christian, makaɗin jitar jaz ɗan Amurka, da ban samu zanensa ba, dole ta sa na tsince shi da kunne, ina rage gudun sautin a YouTube, ina rerawa da baki kafin in neme shi a tsirkiya. Wannan kam ya fito tsaf, da numfashinsa da inda yake jan ƙafa kaɗan a bayan ganga.

Sai a lokacin tarihin da na karanta ya zauna mini. Christian ya shiga ƙungiyar makaɗan jaz ta Benny Goodman a 1939, yana kaɗa jitar lantarki ƙirar Gibson ES-150, ya kuma rasu a 1942 yana da shekara 25 sakamakon tarin fuka. Wes Montgomery, wani makaɗin jitar jaz a garin Indianapolis na Amurka, da faifan Christian ya koyi sana'ar, yana maimaita su har ya haddace, kuma aikinsa na farko a gidajen rawa shi ne kaɗa waɗannan kaɗe-kaɗe yadda suke. Da dare yake atisaye, da babban yatsa maimakon ɗan robar kaɗi domin kada ya dami mutane, daga nan ne ya samu sautin nan mai laushi da aka san shi da shi. Faifan zamanin bai wuce kamar minti uku a kowane gefe ba, babu maɓallin rage gudu, sai dai a ɗaga allura a mayar baya. Ƙarancin kayan ne ya tura kiɗan cikin kansu, ni kuwa yawan kayan ya bar nawa a cikin kati.

Ban daina amfani da waya ba, domin rage gudu ni'ima ce da ba zan raina ba. Sai dai yanzu ba na taɓa tsirkiya sai na iya rera jimlar kiɗan da baki, ba na kuma cewa na iya ta sai na bi faifan a ainihin gudunsa. Sautin atisayena yana zuwa kwamfuta da Google Drive a daren da na ɗauke shi. Duk wanda ya sayi sabon kati, ya cika shi maƙil da bidiyo tun ranar farko, sannan ya koma ya buɗe waɗanda ya fara zubawa. Idan sun ƙi buɗewa, ya mayar wa mai shago kayansa kafin ya ba shi ajiyar wahalarsa.