Halima da wa? Yadda muka samo wa 'yarmu suna na biyu

Sunan yanka bai ba mu wahala ba. Tun ciki bai tsufa ba na gaya wa maiɗakina cewa in mace ce sunan Hajiya, mahaifiyata, za a sa, ta ce ko ban faɗa ba ta sani. Sunan Hajiya Halima. To amma kowane Bahaushe ya san abin da ke biyo baya: sunan da ka raɗa don girmama uwa shi ne wanda ba mai iya furtawa a gidan. Ni dai ba zan tsaya a tsakar gida in ƙwala kiran sunan mahaifiyata ba, balle matata da take surukarta. Dole a yi alkunya.

A da abin ba ya buƙatar dogon tunani. A ce Ummi, ko Mama, ko Walida, ko a duba ranar haihuwa a ce Jummai, Asabe, Talatu, Balaraba. Tamu ranar Alhamis ta zo, da Lami ke nan an wuce wurin. Sai dai waɗannan sunaye a baki suke rayuwa, yanzu kuwa takarda ce ke da ƙarfi. 'Yar yayana sunan yankanta Fatima, amma duk unguwa Ummi aka sani, har a rajistar firamare haka aka rubuta, ya bi ta zuwa sakandare. Da hukumar JAMB mai shirya jarrabawar shiga jami'a ta wajabta lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN a 2021, sai ga Fatima a wata takarda, Ummi a wata. Sai da aka je kotu aka yi takardar rantsuwa, aka buga sanarwa a jarida. Ganin haka ya sa na ce sunan da za a riƙa kiran tawa da shi zai shiga takarda tun farko, a gurbin sunan tsakiya. Ke nan dole ya zama suna na gaske, wanda zai zauna kusa da Halima ba tare da ya yi bambaraƙwai ba.

Ƙannen matata suka ɗauki aikin da zafi. Kullum sai jerin sunaye ya shigo ta WhatsApp: Afnan, Nihal, Amal, Ilham, Hanan. Ba ni da matsala da sunayen zamani, wasunsu ma suna da ma'ana mai kyau. Abin da na riƙa yi shi ne in faɗi kowanne da ƙarfi, in haɗa shi da Halima da sunana, sannan in kira shi shi kaɗai kamar yarinyar tana ƙofar gida ni ina ɗaki. A nan da yawa suka faɗi. Harshenmu ya fi son suna ya ƙare da wasali, shi ya sa Zainab ta koma Zainabu, Bilkis ta koma Bilkisu. Sunan da ya tsaya cak a kan baƙi yana da daɗi a rubuce, amma ba ya jawuwa a kira. Na gwada Afnan a gaban Hajiya, ta maimaita, ya fito Afanan, ta ce, "Wannan suna ne ko maganin tari?"

Kawuna kuma ya zo da shawarar da ya ɗauka ta raba gardama. Ya ce tunda mahaifiyar matata Zainab ce, a sa Halima Zainab, kowane ɓangare ya samu. Na ce, "Kawu, to wa zai kira ta? Na farko sunan uwata, na biyu sunan surukata." Ya yi shiru, sannan ya bushe da dariya. Na san gidajen da suka yi haka don gudun ɓacin rai, daga baya sai da suka nemo suna na uku.

Limamin unguwarmu ne ya kashe maganar, ana saura kwana biyu suna, da na je gaya masa lokacin raɗin. Ya ce, "Malam, me kuke nema a nesa? Halima ai da abokin tafiyarta ta zo." Yana nufin Halimatus Sa'adiyya, matar nan ta ƙabilar Banu Sa'ad da ta shayar da Annabi (SAW), wadda mu Hausawa muke cewa Sadiya. Yawancin manyan sunayen mata haka suke, kowanne da laƙabin da tarihi ya ba shi: Fatima da Zahra'u ko Batula, A'isha da Humaira ko Siddiƙa, Khadija da Kubra, Rabi'atu da Adawiyya ta Basra, Hauwa'u da Jidda. A ganina babu haɗin da ya kai waɗannan zama daram, don kunnuwanmu sun saba jin su tare tun muna makarantar allo. Wanda ya ji Sadiya ya san Halima ce ba sai an gaya masa ba, kuma ba a ambaci sunan tsohuwa ba. Abin lura kawai, kada a ɗauko suna ɗaya a fuska biyu a zaci haɗi ne. Khadija Hadiza maimaici ne, haka A'isha Indo.

Saura abu guda da ya sa ban yanke nan take ba. In har tsararrakin Hajiya da Sadiya suke kiranta tun tana budurwa, to alkunyar ta tashi a banza. Na je wajen Inna, ƙanwarta, na tambaya a kaikaice. Ta ce ba ta taɓa jin wani ya kira Yaya da shi ba. Da na kai wa mai jego labari tana shan kunun kanwa, ta ɗan juya sunan a bakinta, ta kalli jaririyar, ta ce ya yi.

Sai rubutu. Sunan nan kaɗai na gan shi Sadiya, Sa'adiya, Saadiya, Sa'adiyya, kuma a wajen kwamfuta waɗannan mutum huɗu ne daban. Na zaɓi mafi sauƙi, wanda ba shi da ɗigon nan na sama, don wasu fom na intanet ba sa karɓarsa. Gurabe uku ne a fom, ni kuma sunana biyu ne a haɗe kamar na Hausawa da yawa, sai na ɗauki ɗaya, wanda ke katina, na bar ɗayan. Na rubuta ukun da manyan baƙaƙe a takarda na miƙa wa ma'aikacin Hukumar Ƙidaya, na tsaya har ya kwafa, na karanta kafin in karɓa. Da wannan jerin aka cike katin rigakafi, da shi kuma aka sa ta makaranta.

Hajiya ba ruwanta da duk wannan, kishiya take ce mata, suna ta faɗa a kan wa ya fi iya girki. Ƙannen matata kuwa har yau Amal suke kiranta, tana kuma amsawa. Wannan na bar musu, tunda ba a takarda yake ba.