Wa Za a Ɗora wa Aikin Kafa Manhaja?

Aikin kafa manhajar gudanar da kamfani, irin su SAP da Oracle, ya koya mini cewa tsadar lasisi ba ta hana aiki lalacewa. Manhajar da ta zauna daram a wannan kamfani ita ce ke rikita wancan, kuma in ka bi diddigi, sai ka tarar bambancin yana wajen mutanen da aka ɗora wa aikin.

Kamfanin Target, mai manyan kantuna a Amurka, ya shiga Kanada a 2013. Aka bar sababbin ma'aikata suna shigar da bayanan dubban kayayyaki a sabuwar manhaja cikin gaggawa, ana sa tsawo a gurbin faɗi, ana rikita ma'auni. Ɗakunan ajiya suka cika maƙil, kantuna kuwa wayam. A 2015 aka rufe shaguna 133. Shi ma Hershey, kamfanin alewa na Amurka, ya kunna sabon tsarinsa a 1999 dab da lokacin da cinikin alewa ke tashi, ya kasa kai odar kusan dala miliyan 100.

Aikin na buƙatar ƙwararru, amma ba masu rubuta manhaja kaɗai nake nufi ba. A wani zaman gwaji, mai kula da sito ta dubi allo jim kaɗan, ta tambaya ina wurin da ake fasa katan, domin da katan suke saye amma ɗaiɗai suke fitarwa. Ɗakin ya yi tsit. Injiniyoyin sun san manhajar ciki da waje, amma ba su taɓa tsayawa bakin sito ana sauke kaya ba. Da an kunna tsarin a haka, lissafin kaya da na akanta ba za su taɓa haɗuwa ba.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, in aka ce kowane sashe ya ba da mutum, sai a turo wanda rashinsa ba zai tsayar da komai ba. Gwanar kuwa a ce aiki ya yi mata yawa. Ai ita ake buƙata, a sauke mata sauran ayyuka, ta zauna da injiniyoyi tun daga tsabtace bayanai har horar da ma'aikata. Kuma a ba ta ikon cewa ba a shirya ba, a ɗage ranar farawa, ko da shugabanni sun riga sun sanar da ita.

Masu kwangila za su gama su tafi. Ita za a riƙa kira a ƙarshen wata idan lissafi ya ƙi rufuwa.