Rarar Ɗinki: Darasin da Bargo, Jaka da Gyaran Kaya Suka Koya Mini

Idan aka ce in zaɓi darasi ɗaya cikin duk abin da keken ɗinki ya koya mini, zan zaɓi na rarar ɗinki, wato ɗan yadin nan da ke saura tsakanin layin zare da bakin da almakashi ya yanka. A ciki yake, ba mai ganinsa, shi ya sa masu koyo ba sa damuwa da shi. Amma jakar da ta karkace, da bargon da kusurwoyinsa suka ƙi haɗuwa, da rigar da aka rage ta matse mai ita, in ka warware su, galibi a nan za ka tarar da matsalar. Kowane aiki da tasa rarar: tufafi santimita 1.5, jaka santimita 1, bargon ƙyallaye kuwa milimita 6, wato rubu'in inci.

Kafin a kai ga yanka, a wanke yadi a goge shi. Yadin auduga yakan ja baya a wankin farko, mita guda na iya rasa santimita 3 zuwa 5, kuma ba kowane yadi ke ja daidai da ɗan'uwansa ba. In shafin jaka ya ja, na waje bai ja ba, jakar za ta yamutse, guga kuma ba ta gyara ta. Sannan a lura da zaren tsaye na yadi, wanda ke bin bakinsa na masaƙa. Ta tsaye yadi ba ya miƙewa, ta kwance yana ɗan saki, ta karkace kuwa yana talewa sosai. Duk abin da zai ɗauki nauyi, kamar hannun jaka, a yanka shi ta tsaye.

Bargon ƙyallaye shi ne malamin da ba ya yafiya. Ka ce kana son kowane murabba'i ya fito santimita 10 bayan ɗinki, to sai ka yanka shi 11.2, domin milimita 6 za ta tafi a kowane gefe. Abin da mutane ke mantawa shi ne, kowane ɗinki ƙyalle biyu yake ci. In allurarka ta shiga ciki da milimita 1 kacal fiye da yadda ya kamata, milimita 2 ka rasa a faɗin aikin. Layi mai murabba'i 20 yana da ɗinki 19, ka ga an rasa milimita 38, kusan santimita 4. Da ma a ce duk layukan haka suka rasa, da da sauƙi, bargon zai ɗan ƙanƙance ne kawai. Matsalar ita ce hannu ba ya kuskure iri ɗaya kullum: wannan layi ya rasa santimita 4, na kusa da shi ya rasa 1, ranar haɗa su sai ka ga ba mahaɗar da ta faɗa kan 'yar'uwarta.

Maganin ba wuya. Auna milimita 6 daga allura zuwa dama, ka manna tef mai kauri a kan farantin keke, bakin yadi ya riƙa bin sa. Idonka ya tsaya kan tef ɗin, ba kan allura ba. Kafin fara aikin gaske, yanka tsiri uku masu faɗin santimita 5, haɗa su, goge, ka auna na tsakiya. In ya ba ka 3.8, rararka daidai take. In ya gaza, matsar da tef ɗin ka sake. Wannan gwajin na minti biyar ya fi kwana guda ana warware ɗinki.

Guga a nan ma tana da hukuncinta. Ba a goga dutsen guga gaba da baya kamar ana gugar riga, ɗora shi ake yi a ɗaga, domin turawa tana tale ƙyalle, musamman mai kusurwa uku da aka yanka ta karkace. Rarar layin farko a kwantar da ita dama, ta na biyu hagu, ta na uku dama. Lokacin haɗa layukan, rarar biyu za su tokare juna a mahaɗa, har yatsa yana jin sun zauna, sai ka sa fil a wurin. Ta haka kusurwa huɗu ke haɗuwa a ɗigo guda, kuma kaurin ya rabu biyu maimakon ya taru a gefe ɗaya. Masu kusurwa uku kuwa, ni dai ina ganin bai kamata a yanka su tun farko ba. Haɗa murabba'i biyu fuska da fuska, ja layi da alli daga kusurwa zuwa kusurwa, ɗinka milimita 6 a kowane gefen layin, sannan ka yanka a kan layin. Ka samu guda biyu ba tare da hannunka ya taɓa bakin da ke talewa ba. Sai dai murabba'in farko ya fi girman da kake so a ƙarshe da santimita 2.2.

Idan fuskar bargo ta haɗu, saura cikon auduga da yadin baya. Su biyun su fi fuskar girma da santimita 8 zuwa 10 a kowane gefe, saboda ɗinki yana jan su ciki. Shimfiɗa su a wuri mai faɗi, ka kama duka ukun da fil mai kulle, tazarar faɗin tafin hannu tsakanin kowanne. Ɗinkin da zai riƙe su a fara shi daga tsakiya zuwa waje. Wanda ya fara daga baki yana tara yadi a tsakiya, ƙarshe ya ɗinke tattara a bayan bargo bai sani ba. Dalilin shi ne haƙoran keke na jan yadin ƙasa, ƙafar keke kuma na danne na sama tana riƙe shi, sai su saɓa. Akwai ƙafa ta musamman mai nata haƙoran da ke tafiya da yadin sama. In babu ita, a sassauta dannawar ƙafa, a tsawaita ɗinki zuwa milimita 3, a tafi a hankali.

A jaka, rarar ba lissafi kaɗai take ɓatawa ba, kauri take tarawa. Ɗauki jaka mai sauƙi: falle biyu, faɗi santimita 45, tsayi 40. In kana son gindinta ya yi faɗin santimita 10 ta iya tsayuwa, cire murabba'in santimita 5 daga kusurwoyin ƙasa. Ɗinka gefuna da ƙasa, buɗe kusurwar, ka ɗora ɗinkin gefe daidai kan ɗinkin ƙasa, ka ɗinke. Faɗin gindi kullum ninki biyu ne na abin da ka cire. Amma ka tuna wannan gindin daga jikin jakar aka ciro shi: gabanta zai dawo faɗin 33, tsayi ma 33. Da yawa kan yanka yadi daidai da girman abin da za su saka ciki, su manta da wannan, jakar ta fito ƙarama. In kuma ƙasan jakar ninki ne ba ɗinki ba, abin da za ka cire ba murabba'i ba ne: santimita 5 daga gefe, 4 daga ninkin, tunda ninki ba shi da rara.

Shafi yana zaune ne cikin jaka, don haka dole ya ɗan fi ta ƙanƙanta. Yanka su daidai, amma ka ɗinka shafin da rarar da ta fi ta waje da milimita 2 ko 3, ban da bakin sama inda za su haɗu. In ba haka ba zai taru a gindi. Bar kafar santimita 12 zuwa 15 a ƙasan shafi don juyawa. Yadin gam ɗin da ake mannawa a bayan yadi don jaka ta yi ƙarfi, a yanka shi ba tare da rara ba, ya tsaya a layin ɗinki. Da dutsen guga da ƙyalle a kai ake manna shi, a danna daƙiƙa 10 zuwa 15 a kowane wuri, a bar shi ya huce kafin a motsa shi. Wanda aka ɗaga da zafinsa shi ne ke yin kumbure-kumbure bayan wanki.

Hannun jaka shi ne ke fara tsinkewa. Tsiri mai faɗin santimita 10, a ninka gefunansa su haɗu a tsakiya, a sake ninkawa, zai ba da hannu mai faɗin 2.5 da ninki huɗu. Kada a dogara da layi ɗaya na bakin jaka ya riƙe shi. A shigar da shi santimita 3 ko 4 cikin jiki, a ɗinka akwati a kansa, a gicciya cikin akwatin daga kusurwa zuwa kusurwa, nauyi ya bazu.

A irin wannan wuri mai ninki shida ko takwas ne keke ke fara tsallake ɗinki ko karya allura. Lambar allura kaurinta take faɗa: 90 na nufin milimita 0.9. Yadi mara nauyi 70 ko 80, auduga matsakaiciya 80 ko 90, jins da yadin tanti 100 ko 110. In ƙafar keke ta hau tudu ta ɗaga gaba, ninka ƙyalle ka tura ƙarƙashin bayanta ta daidaita, ka juya keken da hannu har ka wuce. Zare kuma in ya cukurkuɗe a ƙasan yadi, kada ka taɓa zaren ƙasa tukuna. Yawanci na sama ne aka zura ƙafa tana ƙasa, faifan da ke matse zare suna rufe, zaren bai shiga tsakaninsu ba. Ɗaga ƙafa, zare shi gaba ɗaya, ka sake zurawa.

Gyaran kaya ya fi sabon ɗinki neman haƙuri, domin aikin wani ne ka gada, da rarar da ya ga dama ya bari. Lissafin bargo yana nan: riga mai ɗinkin gefe biyu, in za a rage mata santimita 4, santimita 1 kawai za a shiga a kowane gefe, tunda kowane ɗinki yana cin gaba da baya. Wanda ya raba 4 gida biyu ya shiga 2 a kowane gefe, santimita 8 ya rage. Sabon layin kuma ya shiga cikin tsohon a hankali, a tsawon santimita 10 ko fiye, in ba haka ba wurin zai yi ƙullutu. A fara da dogon ɗinki na milimita 4 ko 5 mai sauƙin warwarewa, mai kaya ya gwada, ya zauna, ya ɗaga hannu, sannan a tabbatar. Almakashi shi ne na ƙarshe, kuma in yadin ba mai kauri ba ne gara a bar rarar a ciki, jiki yana sauyawa.

Ƙugun wando ana rage shi ta ɗinkin baya, daga ƙugu a gangara zuwa hantsa. Kusan santimita 5 ne iyakarsa. Fiye da haka aljihunan baya za su matso juna, ɗinkin gefe ya juyo baya, sai dai a raba ragin da gefuna. Buɗa kaya ya fi rage su wuya: juya ka duba ko akwai rara, ka tabbata aƙalla milimita 6 za ta saura bayan an buɗa, ka kuma duba ko tsohon layin ya bar tabo. A fata da yadi mai santsi, ramukan allura ba sa ɓacewa. Kafaɗa kuwa, in ta yi wa mutum faɗi sosai, sai an cire hannun riga an sake yanka ramin hannu, kuma ya kamata a faɗa wa mai kaya girman aikin tun kafin a karɓa.

Rage tsawon wando ana ɗaukarsa aikin mai koyo, alhali nan ma akwai tarko. Mai shi ya saka da takalmin da zai riƙa sawa, a sa alama a ƙafa biyun, kowace da awonta. A jins, bar santimita 3 ƙasa da alamar don kalmasa mai ninki biyu, 1.5 kowanne, ka bubbuga tudun ɗinkin gefe da guduma ya kwanta kafin ya shiga keke. Wando mai tsukakkiyar ƙafa shi ya fi ba da wahala, domin bakin da za a ninka ya fi inda zai kwanta ƙanƙanta, sai ya ja ya yi tattara a waje. Warware ɗinkin gefe daga layin ninki zuwa ƙasa, ka sake ɗinka shi yana buɗewa waje daidai da yadda ƙafar ke buɗewa sama, ka goge rarar a buɗe, sannan ka kalmasa.